Baba mai gyaran kayan badujala ya rasu: wa ya rage a Kaduna?

Dan_Badujala:
Assalamu alaikum jama'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baba mai gyaran kayan busa rasuwa, wannan dattijon da rumfarsa take gefen Panteka, kasuwar maƙera da masu aikin ƙarfe. Tuni an yi masa sutura. Duk wanda ya taɓa riƙe begila ko tirampet ko babban ƙahon nan da ake kira tuba a garin nan, ko bai san fuskar Baba ba, to ya busa abin da ya bi ta hannunsa. Allah ya ji ƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Na kawo maganar ne don waɗanda suka zauna da shi su ba mu labarinsa. Sannan ina da magana guda da nake so a ƙaryata ni a kanta in da hali: a ganina yau babu wanda ya rage a Kaduna da za ka miƙa wa tuba mai matsala ka koma gida ka yi barci. Ina koya wa yaran makaranta busa, kuma yanzu haka akwai guda a ɗakin ajiyarmu da bawul ɗinta na biyu, wato abin da ake dannawa a sauya murya, ya maƙale. Wanda ya san wani mai gyara ya taimaka.

Hajiya_UnguwarRimi:
Allahu Akbar. Allah ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan.

Maman_Rahila:
Kai, wannan labari ya taɓa ni. Allah ya ba shi hutawa. Zan dawo in yi magana in na tashi daga aiki.

Saje_Ritaya:
Ni na san shi tun ina sanye da kaki. Bari in ba ku abu ɗaya da na gani da idona. Ana gab da faretin 1 ga Oktoba, muna sauke kaya daga mota, sai wani kurtu ya saki tuba ta faɗi a kan kwalta. Gindinta, wurin babbar lanƙwasar nan ta ƙasa, ya lotsa har hannuna yana shiga ramin. Kurtun ya fara hawaye don ya san abin da ke jiransa a wurin samanja. Muka ɗauke ta, sai rumfar Baba.

Bai ce uffan ba. Ya juya ta, ya shafa da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce yana saurare. Sannan ya kunna wutarsa ya narkar da dalmar da ta riƙe lanƙwasar, ya zare ta ita kaɗai. Ya gasa wurin har ya yi ja-ja, ba jawur ba, ya ajiye, ya tafi sallar La'asar ya bar mu zaune. Da ya dawo ya zazzage wani buhu, sai ga ƙwallayen ƙarfe birjik, daga ƙanana kamar gujiya har manya da suka fi lemo. Yana tura su ciki ɗaya bayan ɗaya, kowane ya ɗara na gabansa girma kaɗan, shi kuma yana bi ta waje da 'yar guduma. Ba duka yake yi ba, taɓawa kawai. Kafin Magariba lotsawar ta tashi. Da ya mayar ya liƙe, sai ya toshe faffaɗan bakin da tsumma, ya sa wani mai shan taba a cikinmu ya hura hayaƙi ciki, shi kuwa yana zagayawa yana neman inda hayaƙin zai ɓullo. Babu inda ya fita. Da ita aka yi faretin a Murtala Square, kuma har samanja ya yi ritaya bai ji labarin ba.

Kurtu_Kawo:
Oga Saje, ko dai kai ne kurtun? Faɗa mana gaskiya, an daɗe da yafewa.

Saje_Ritaya:
Yaro, lokacin da ake maganar nan ina da igiya biyu a hannu. Kama kanka.

Injiniya_Kakuri:
Allah ya ji ƙan Baba. Abin da Saje ya gani yana da dalili. Ƙarfen da ake yin waɗannan kayan haɗi ne na jan ƙarfe da tutiya, galibi kashi 70 na jan ƙarfe, 30 na tutiya. Halinsa shi ne duk lokacin da ka buge shi ko ka lanƙwasa shi, ƙara tauri yake yi, har ya kai ga tsagewa. Wurin da ya lotsa ya riga ya yi tauri, in ka tura shi da ƙarfi a haka sai ya dare. Gasawar nan ita ke mayar masa da laushinsa. In kuma ka wuce gona da iri ya yi jawur, ka ƙona shi ke nan, domin jikin bututun siriri ne ƙwarai. Tsakanin “bai isa ba” da “ya ƙone” tazarar kaɗan ce, kuma Baba da ido yake gane ta, ba shi da wani ma'aunin zafi.

Makerin_Panteka:
Injiniya ka faɗi na littafi. Ni rumfata ba nisa da tasa. Waɗannan ƙwallayen da Saje ya gani, ƙananan daga tsofaffin boris na manyan motoci ya tsinto su, manyan kuma a nan aka feƙe masa su a inji, yana tsaye a kan mai feƙewar har sai sun yi santsin da yake so. Ya kan ce ƙwallo mai ƙaiƙayi zai rubuta sunansa a cikin bututu.

Amma Malam Dan_Badujala ban yarda da maganarka ba. A ce duk Kaduna babu mai iya gyara? Panteka fa ake magana. Akwai yaran da in ka nuna musu hoton abu a waya, gobe ka zo ka ɗauka. Kawo tubar taka mu gani.

Dan_Badujala:
Ranka ya daɗe, ba raina Panteka na yi ba, kowa ya san aikinku. Amma ƙera abu daban, sa shi ya yi murya daidai daban. Mun taɓa kai tirombon wurin wani mai walda a unguwarmu don wata 'yar tsaga. Ya sa masa wutar da yake haɗa ƙofar gida da ita. Tsagar ta tafi, rami ya zo. Baba kunne gare shi, in ya gama gyara sai ya busa, ya ce maka “wannan muryar ta haura, ja bututun nan kaɗan”. Yaron da ya fi kowa hannu a Panteka, in bai taɓa busa ba, ta ina zai san ya gama?

Mai_Yufoniyam:
Allah ya ji ƙansa. Na san ba a son faɗin laifin mamaci, kuma ba laifinsa zan faɗa ba, aikinsa zan yi magana a kai. Wajen tayar da lotsawa da liƙi ba shi da na biyu, wannan na yarda. Inda muka saɓa da shi shi ne yanke-yanken nan da haɗe-haɗe. Na taɓa ganin tsohuwar tuba ƙirar Besson ta Ingila, mai ruwan azurfa, an zana furanni a bakinta. Ya yanka bututunta ya yi mata ƙari, ya ɗauko bawul daga wata matacciya ya dasa mata a matsayin na huɗu. Irin wannan kaya a waje masu tara kayan tarihi nemansa suke yi ido rufe, amma sai in yana yadda kamfani ya ƙera shi. Da zarar ka yanka, darajar ta tafi. Sau nawa na ce masa Baba wannan ba gyara ba ne, sai ya yi dariya ya ce in kawo masa Baturen da zai saya.

BB_SabonTasha:
Yallabai Mai_Yufoniyam, in tubar da nake zato ce kake nufi, ta cocinmu ce, kuma mu muka roƙe shi. Bari ka ji yadda aka yi. Kayan busan da muka gada a Boys' Brigade tsofaffi ne tun na zamanin mishan. Da muka tara kuɗi muka sayo sababbin tirampet, sai aka rasa gane abin da ke faruwa. Kowa yana busa abin da ke rubuce, amma in an haɗu sai ka ji kamar ana faɗa. Mun zargi yaran, mun zargi mai koyarwa. Mun ja bututun daidaita murya na tsohuwar tubar har ya kusa faɗowa, duk da haka muryarta tana sama da ta sauran. Baba ne ya busa ta sau ɗaya ya ce, “Wannan ba ta da laifi, a haka aka haife ta.” Ya yi mata ƙarin bututu, shi ke nan aka zauna lafiya. Da bai yi ba, da tana can rataye a sito tana cin ƙura. Wace daraja ce a kayan da ba a busawa?

Shugaban_Kwaya:
Abin da BB ya faɗa gaskiya ne, kuma ba a nan kaɗai aka yi haka ba. Ƙungiyoyin busa na Ingila sun daɗe suna amfani da ma'aunin murya mai tsayi, inda muryar A take kusan girgiza 452 a daƙiƙa, alhali ma'aunin da aka amince da shi a taron Landan na 1939 shi ne 440. Sai a shekarun 1960 kamfanoni irin su Boosey & Hawkes suka daina ƙera masu tsayin. Me masu tsofaffin kaya suka yi a can? Ƙarin bututu suka yi, daidai abin da Baba ya yi. Don haka in yanka da ƙari laifi ne, to masu kayan ne suka fara.

Batun bawul na huɗu kuma, duk wanda ya busa tuba mai bawul uku ya san ciwon. Na ɗaya yana sauke murya taki guda, na biyu rabin taki, na uku taki ɗaya da rabi. Kowanne an yanka bututunsa ne daidai da tsawon ƙahon in yana buɗe. In ka danna na ɗaya da na uku tare, ƙahon ya riga ya ƙara tsawo, sai ƙarin ya gaza, muryar ta ɗan haura. A tirampet kana iya ɓoye wannan da leɓe ko ka tura ɗan bututu da yatsa. A tuba, da babbarta ke da bututu na kusan mita biyar da rabi in an miƙe shi, gazawar tana da yawa, kowa zai ji. Bawul na huɗu yana ba ka wannan muryar da bututunsa na kansa wanda aka auna daidai, ya kuma buɗe maka muryoyin can ƙasa. Baba bai yi makarantar kiɗa ba amma ya san wannan lissafin sarai.

Mai_Yufoniyam:
Na ji bayaninku. Ƙarin bututu ana iya cire shi a mayar da abu yadda yake, wannan ban damu da shi ba. Dasa bawul fa? Sai ka huda, sai ka sauya hanyar iska. Wannan ba ya komawa. Kuma ku faɗi gaskiya, duk wanda ya dasa ne ya yi kyau? Na busa guda da ta fito daga hannunsa, bawul na huɗun a toshe yake ji, sai ka yi kamar za ka fasa ƙirji.

Shugaban_Kwaya:
Ba duka ba, gaskiya. Wanda faɗin bututunsa ya yi daidai da na uwar yana fita lafiya. In ya rasa daidai ya sa ƙarami, dole ka ji matsi. Amma da abin da ya samu yake aiki, ba oda yake yi daga Jamus ba.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta wa Musulmi baki ɗaya. Amma 'yan uwa a yi hattara, malamai da yawa sun yi magana a kan kayan kiɗa da busa. Bai kamata mu mai da abin ya zama abin alfahari ba.

Saje_Ritaya:
Malam, mun gode da tunatarwa. Begila ce ke tashin soja da asuba, ita ke kiransa fareti, ita ake busa masa ranar da aka sa shi a ƙasa. Mutumin nan sana'ar hannu ya yi ya ciyar da iyalinsa, ban taɓa ganin lokacin salla ya same shi a zaune ba. Hukuncin mu bar wa malamai, nan ta'aziyya muke yi.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a tsaya a kan batu don Allah. Mai son waccan muhawarar ya buɗe mata wuri daban.

Maman_Rahila:
Na dawo. Ni abin da zan tuna da shi ba ƙarfe ba ne. Bayan rikicin shekarar 2000, kun san yadda garin nan ya rabu, wasu suka koma ƙetaren kogi, wasu suka dawo nan. Mu muna Tudun Wada da, muka koma Sabon Tasha. Kayan busan matasan cocinmu guda huɗu suna rumfar Baba lokacin da abin ya faru, kuma babu mai ƙarfin halin zuwa ɗauko su. Mun fid da rai. Ana nan sai ga shi wata Asabar a kan tsohon babur ɗinsa, ya ɗaure su a baya da roba, an naɗe kowanne da buhu. Ya gyara su duka. Mijina ya ce Baba ai da ka aiko mun zo. Ya ce, “Kayan amana ne, kuma na ga Ista ta kusa.” Ruwa kawai ya sha ya juya. Daga nan duk shekara kafin Kirsimeti shi yake zuwa da jakar kayan aikinsa, ya zauna a gindin mangwaron coci ya duba komai, in Azahar ta yi yara su kawo masa ruwan alwala.

Hajiya_UnguwarRimi:
Maman Rahila kin sa ni hawaye wallahi. Irin mutanen da ke nan.

Bazazzagi:
Ba mamaki. Ai ɗan gado ne. Gidansu a cikin birnin Zariya maƙeran fari ne, masu aikin tagulla da azurfa, ba maƙeran baƙi masu garma da lauje ba. Kakanninsa har kakaki suna ƙerawa. Don haka ku daina mamakin wai ya gane ƙahon Bature. Mu muka riga su busa ƙarfe.

Dan_Nufe:
Bazazzagi ka fara. Kowa ya san in ana maganar tagulla a Arewa, Bida ake nufi. Ni da kunnena na ji Baba yana Nufanci da wata mai sayar da tasoshi. Wajen uwa namu ne, can ya ɗauko hannun.

Bazazzagi:
Jin Nufanci ai ba shi ne gado ba. Ni ma ina jin Yarbanci.

MalamTarihi:
Ku biyun kuna iya zama da gaskiya, mutum yana da uwa yana da uba. Batun “mu muka riga su” kuma, a raba shi biyu. Kakaki tsoho ne ƙwarai a ƙasar Hausa, tarihin Kano ya danganta shigowarsa fada da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tuba kuwa jiya-jiya ce a kansa. A 1835 Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi mata rajista a Balin, bayan an ƙirƙiro bawul a Jamus ɗin a farkon wancan ƙarnin. To amma Turawa suna da nasu ƙahonin ƙarfe marasa bawul tun kafin nan. Abin da ya bambanta su da kakaki shi ne bawul ɗin. Kakaki miƙaƙƙen bututu ne, muryoyin da yake bayarwa 'yan kaɗan ne, gwanintar mai busa ce ke sa ya yi magana ya kira sarki. Begila ma haka take, ba ta da bawul, shi ya sa kiran bariki duk a kan muryoyi ƙalilan yake yawo. Wanda ya iya naɗe tagulla ya fitar da kakaki ya san rabin aikin. Ɗaya rabin, wato fistin da ke hawa da sauka a cikin gidansa ba tare da iska ta tsere ba, wannan sai an koya daban.

Kurtu_Kawo:
Malam, wannan da ake sa wa a wuya ya zagaye mutum, bakinsa yana sama da kai, shi ma tuba ne?

MalamTarihi:
Ɗan gidansu ne. Susafon ake ce masa, an sa masa sunan John Philip Sousa, shahararren shugaban badujala na Amurka. Muryarsu ɗaya, an dai naɗe shi ne yadda nauyin zai zauna a kafaɗa don mai tafiya a fareti.

Yaron_Shago:
Salamu alaikum. Wani ne ya turo mini wannan zancen. Ni na zauna a rumfar Baba ina yaro, ni ne mai riƙe masa wuta da wanke bututu. Na karanta duk abin da kuka rubuta, na gode da addu'o'inku.

Oga Mai_Yufoniyam, Baba ba ya yanka abu sai ya ajiye guntun da ya cire. Akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe, kowane guntu an ɗaure shi da zare da 'yar takarda, an rubuta na wane ne da ajami. Yana cewa wata rana mai shi zai iya nema. Na Besson ɗin da kake magana ina kyautata zaton yana ciki.

Yadda yake lanƙwasa sabon bututu kuma, narkakkiyar dalma yake ɗura masa ya cika, ta sandare, sannan ya lanƙwasa a jikin wani gungumen icce da ya sassaƙa, don kada bututun ya murƙushe. In ya gama ya sake narkar da ita ta fito. Ƙyallen da ke ƙarƙashin maɓallin bawul daga tsohuwar hular soja yake yankowa. Abin da ya fi tsana shi ne a ci goro ko a sha lemo a busa ba a kuskure baki ba. In ya zare bututun farko ya ga jajayen ɗigo-ɗigo a jikinsa, sai ya kira mai kayan ya nuna masa, ya ce ga aikin yawunka nan.

Injiniya_Kakuri:
Jajayen ɗigon nan tutiya ce ke zagwanyewa ta bar jan ƙarfe shi kaɗai, daga ciki take ci ta fito waje. In ta ɓullo babu magani sai faci ko sabon bututu. Damshi da dattin da ke kwana a ciki ne ke jawo ta.

Nas_Barnawa:
Yaron_Shago, Allah ya ji ƙan maigidanka. Amma don Allah duk mai shirin gadon aikin nan ya yi hankali da narkar da dalma a rufaffen wuri. Guba ce, ba ta nuna kanta da wuri. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ita. Musamman in akwai yara masu zama a shago suna cin abinci da hannun da suka taɓa ta.

Yaron_Shago:
Gaskiya ne Anti. Daga baya ya koma cika bututun da lallausan yashi ya toshe bakin biyu, sai dai ya ce bai kai dalma kyau ba a lanƙwasa mai tsanani.

Dan_Badujala:
Alhamdu lillahi, ashe akwai magaji! Makerin_Panteka ka kusa cin gardama. Ɗan'uwa ina rumfarka take? Gobe in kawo maka.

Yaron_Shago:
Malam kada in yaudare ka. Na bar aikin da daɗewa, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki nake yi yanzu. Liƙin bututun jan ƙarfe da na koya a wurinsa shi nake ci da shi. Dalilin barina kuwa, aikin Baba na lokaci ne. Gab da 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba makarantu su cika rumfa, gab da Kirsimeti da Ista coci-coci su zo, sauran watanni sai mu zauna muna kallon hanya. Ga bashi. Wata makaranta sai da ya gyara mata kaya kusan goma, aka ce a jira a fitar da kuɗi, har shugaban ya bar wurin ba a biya ba. Daga baya muka ji an sayar da kayan ga 'yan gwangwan a kan kilo. Ranar Baba bai ci abincin rana ba. Mu uku ne muka zauna da shi, babu wanda ya tsaya. Tayar da ƙaramar lotsawa da liƙi zan iya. Gyaran fistin da ya sude, ko dasa bawul, ban kai nan ba, kuma kunnen ban da shi.

Abin da ya fi damuna yanzu kayan aikinsa ne. Buhun ƙwallayen, sandunan ƙarfen da yake zura wa bututu, gumakan iccen lanƙwasa, da akwatin guntayen. Magada ba su san amfaninsu ba, kuma masu sayen ƙarfe sun fara zagaye.

Saje_Ritaya:
Subhanallahi. Wannan ba zai yiwu ba. A yi karo-karo a saya daga hannun magada da daraja, kada a kai su sikeli. Ni zan fara.

BB_SabonTasha:
Mu ma za mu sa hannu, zan yi wa shugabanninmu magana ranar Lahadi. Amma in an saya a ajiye a ina? Wa zai riƙe?

Makerin_Panteka:
Akwai wuri a rumfata. Kuma ina da yaro mai natsuwa da zan iya sakewa ya koya, in Yaron_Shago zai riƙa leƙowa yana nuna masa. Kunnen kuma Shugaban_Kwaya ya ara mana nasa.

Injiniya_Kakuri:
Niyya mai kyau ce, amma ku yi lissafi. Abin da ya kori yara uku daga rumfar yana nan bai tafi ba. Ga kuma sababbin kayan China masu araha da makarantu ke saye yanzu, in sun lalace sau da yawa kuɗin gyara ya kusa na sabo, ƙarfen kuma siriri ne ba ya jure wuta. Yaron da za ku koya wa, me zai ci a watan Yuli?

Shugaban_Kwaya:
Tirampet ne ke da araha Injiniya, tuba ba ta da araha ko ta ina ce, ballantana yadda dala take yanzu. Kuma ba Kaduna kaɗai ba ce. Daga Zariya, Kafanchan, Zonkwa, har Jos ana kawo wa Baba aiki. Matsalar ba rashin aiki ba ce, rashin biya ne.

Hajiya_UnguwarRimi:
Ni dai a fara tambayar iyalinsa tukuna. Ko kwana bakwai ba a yi ba ana maganar sayen kayansa, ba daɗin ji. Wataƙila ma akwai jikan da yake so.

Yaron_Shago:
Hajiya ta yi gaskiya. Zan je gaisuwa in an yi addu'ar bakwai, zan roƙi babban ɗansa kada a taɓa komai tukuna.

Malam Dan_Badujala, kafin nan kada ka bari kowa ya sa wa bawul ɗin nan filaya ko ya buga shi da ƙarfi. Kwance murfin sama da na ƙasa, ka cire sifirin, ka ɗiga kananzir kaɗan ta sama da ta ƙasa ka bar shi ya kwana. Da safe ka tura fistin ɗin daga ƙasa da sandar icce mai laushi, a hankali. In ƙurar hunturu ce ta haɗu da tsohon mai ta daskare, zai fito. Ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka shanya, ka sa man bawul, ban da baƙin mai. In ya ƙi motsi, to gidan ne ya bugu, ka bar shi haka sai na zo na gani.

Mai_Yufoniyam:
Yaron_Shago, in ka je ka duba mini akwatin nan. In guntun Besson ɗin yana ciki, ina so BB ya karɓa ya ajiye shi tare da tubar, ko ba za a mayar ba. Har yanzu ina kan bakana game da dasa bawul ɗin.

BB_SabonTasha:
Za mu karɓa. Amma bawul ɗin yana nan daram, yaron da ke busa ta yanzu bai ma san an taɓa yin ta da uku ba.